Ɗauke sunan shafin intanet daga wani kamfani zuwa wani: amsa ga Alhajin Kantin Kwari

Wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ne ya yi tambayar. Ya ce shekara huɗu ke nan da wani yaro ya buɗe masa shafin intanet mai ƙarewa da .com, haɗe da adireshin imel na shago wanda yake magana da masu turo masa kaya daga Sin da Dubai. Bana kuɗin sabuntawa ya yi tashin gwauron zabo, kamfanin da sunan ke hannunsu ba sa amsa saƙo da wuri, yaron kuma ya koma Abuja da aiki. Saura wata uku wa'adin ya cika. Yana son ya san ko zai iya mayar da sunan wani kamfani, kuma ko shafin da imel ɗin za su mutu idan ya yi hakan.

Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara buɗi. Za ka iya, haƙƙinka ne, kuma idan aka bi abin a tsanake ko na minti ɗaya shafin ba zai ɗauke ba. Ka tuna a 2013 da aka fara barin mutum ya sauya kamfanin waya da lambarsa, mai layin MTN ya koma Airtel ko Glo lambar tana nan yadda take? To kusan haka ne. Sunan ba ya canzawa, wanda kake biya ne kawai yake canzawa. Sai dai a cikin tambayarka akwai magana ɗaya da ta fi tsaya mini a rai fiye da maganar kuɗi, wato cewa yaro ne ya buɗe maka. Duk wahalar da na taɓa gani a irin wannan aiki a garin nan, mafi yawanta daga nan take tasowa.

Sunan shafi, wanda 'yan sana'a ke kira domen, ba sayensa ake yi ba, haya ce ta shekara-shekara. Tsarin kasuwarsa kuma ba baƙo ba ne a wurinka. Babban kundin da ke riƙe da duk sunayen .com da .net yana hannun kamfanin Verisign a Amurka. Na .org yana hannun Public Interest Registry. Waɗannan su ne masaƙa, kuma masaƙa ba ta sayar wa mutum turmi ɗaya. Manyan diloli su ne kamfanonin rajista da hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet na duniya, ta ba lasisi, irin su GoDaddy da Namecheap da Cloudflare. A ƙarƙashin diloli akwai 'yan sari, masu ɗauko sunaye su ɗora ribarsu, kuma da yawa daga cikin masu haɗa shafi da ƙananan kamfanonin da muke hulɗa da su a wannan layin suke. Ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma ya kamata ka san ko wanda kake tura wa kuɗi dila ne ko ɗan sari, domin dokar ICANN a wuyan dila take rataye, kuma shi za ka nufa idan ɗan sari ya yi shiru.

Gane wannan ba ya cin minti biyu. Ka sa ɗanka ko yaron shago ya buɗe lookup.icann.org a waya, ya rubuta sunan shafinka. Zai nuna muku sunan ainihin kamfanin rajistar, ranar da aka fara rajista, ranar da wa'adi zai ƙare, da wasu layuka guda biyu ko fiye da ake kira nemsaba, waɗanda zan dawo kansu. Za ku kuma ga wani rubutu a haɗe, clientTransferProhibited. Kada ya tsorata ku, kwaɗo ne da ake sa wa suna don kada ɓarawo ya ɗauke shi, kuma mai suna yana da ikon buɗewa. Ku ɗauki hoton wannan allon ku ajiye. Abin da galibi ba za ku gani ba shi ne sunan mai shi, domin tun da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018 kamfanoni suka koma ɓoye wannan. Sai an shiga cikin asusun da aka yi rajistar ake ganin sa.

Kuma shi ne abin da nake so ka gani da idonka. A wurin kamfanin rajista, mai suna shi ne wanda aka rubuta a gurbin mai rajista, da adireshin imel ɗin da ke wurin. Ba su san wanda ya ciro kuɗi daga aljihu ba. Ba su san allon da ke saman shagonka ba, ko ledojin da ka buga sunan a jiki. Idan yaron ya sa sunansa da imel ɗinsa, to a takarda shi ne mai suna, kai kuwa kana zaune ne a kan kayan aro, kayan aro kuma ba ya rufe katara. Duk wasiƙar tunatarwa shi ake aika wa. Lambar da ake ɗauke suna da ita shi za a ba. Ranar da ya canza waya ya manta kalmar sirrin tsohon imel ɗinsa, kai abin zai shafa.

Ban faɗi haka don ka zargi yaron ba. Na san yadda abin ke faruwa, domin na zauna a irin kujerarsa. Alhaji yana tsakiyar ciniki, ga masu saye daga Nijar da Chadi sun cika shago, yaro ya tambaya wane imel za a sa, a ce masa kai dai ka yi duk yadda ya dace. Sai ya sa nasa don aiki ya tafi. Mafi yawansu ba da mugun nufi suke yi ba. Saboda haka ka kira shi cikin mutunci, ka gaishe shi, ka tambaye shi abu uku: a wane kamfani asusun yake, da wane imel aka yi rajistar, kuma ko akwai wani kuɗi nasa da ya rage a wurinka. Wannan na ukun kada ka tsallake shi. Na ga sunayen da suka maƙale wata da watanni saboda cikon kuɗin aiki da mai shago ya manta, wanda ya yi aikin kuma bai manta ba. Idan akwai, ka biya, ka ƙara masa na wahalar wannan aikin ma, tunda lokacinsa za ka ci.

Idan kuwa aka yi rashin sa'a yaron ya ɓace ko ya ƙi, hanya tana nan amma mai tsawo ce. Za ka rubuta wa ainihin kamfanin rajistar, ka haɗa da takardar rajistar kasuwancinka ta CAC, da shaidar kuɗin da ka tura duk shekara, da katin shaidarka. Idan an rubuta sunan shagonka a gurbin kamfani a cikin rajistar, hujjarka tana da ƙarfi. Idan komai sunan yaron ne, kamfanin zai tsaya a kan abin da ke rubuce, ita ma ICANN ba ta yanke hukunci a kan wane ne mai suna tsakanin mutum biyu, sai dai kotu. Shi ya sa nake fifita sulhu, ko da za a nemi mahaifinsa ko malaminsa ya sa baki.

Yanzu ga wani tarko da ya shafi wata ukun da ka ambata. A dokar sauya kamfani ta ICANN akwai kwana 60 da ke fitowa a wuri uku. Ba a ɗauke sabon suna sai ya kwana 60 da rajista. Sunan da aka ɗauke ba a sake ɗauke shi sai bayan kwana 60. Waɗannan biyun ba su shafe ka ba. Na ukun shi ne naka: tun daga Disambar 2016, idan aka canza sunan mai rajista ko sunan kamfaninsa ko imel ɗinsa, ana kulle sunan kwana 60 ba a ɗauke shi, sai dai idan kamfanin ya ba da zaɓin tsallake kullen kuma aka zaɓa kafin a tabbatar da canjin. Abin da mutane ke yi da kyakkyawar niyya shi ne su ce bari mu fara gyara imel ya koma na Alhaji sannan mu ɗauke, suna gyarawa ƙofa ta rufe. Kai da ke da kwana 90, idan 60 suka tafi saura 30, zai isa amma ba sarari a ciki.

Da ni ne, muddin yaron yana ɗaga waya kuma ka yarda da shi, ba zan taɓa komai a tsohon asusun ba. Zan buɗe sabon asusu a sabon kamfani da sunanka da imel ɗinka, shi ya buɗe kwaɗon ya ba da lambar, a ɗauke, sannan idan sunan ya sauka a duba gurbin mai rajista a gyara abin da bai yi daidai ba. Kullen da zai biyo baya ba zai dame ka ba tunda ba inda za ka. Akwai kuma wata hanya ta kusa idan babbar damuwarka raba sunan da hannun yaron ce: ka buɗe naka asusun a kamfanin da sunan yake yanzu, ya turo maka shi daga asusunsa zuwa naka. Wannan yawanci kyauta ne kuma a ranar yake kammala, sai dai ba ka bar kamfanin ba.

Wani abu ƙarami mai muhimmanci: imel ɗin da za ka yi rajista da shi kada ya zama na shagon da ke ƙarewa da sunan shafin kansa. Ranar da sunan ya samu matsala, imel ɗin ma ya tsaya, kamfani kuma can zai aika maka hanyar gyara. Ka kulle makulli a cikin ɗaki ke nan. Ka yi amfani da Gmail ko makamancinsa wanda yake a wayarka, kai kake buɗe shi.

To, maganar ko shafin zai mutu. Abu uku ne mutane ke haɗawa su ɗauka ɗaya ne, saboda sau da yawa wuri ɗaya ake biyan su. Akwai sunan. Akwai masauki, wato kwamfutar da hotunan atamfofinka da farashinsu suke zaune a ciki, wani lokaci har da akwatin imel. Sai kuma kwatance, wanda ake kira DNS, shi ne ke gaya wa wayar mai saye cewa idan an rubuta wannan suna a tafi kwamfuta kaza, idan wasiƙa ce a kai ta wuri kaza. Nemsaba ɗin nan da kuka gani su ne masu riƙe da kwatancen. Ɗauke suna ba ya ɗauke masauki, ba ya ɗauke imel, kuma ba ya canza nemsaba da kansa. Sunan zai sauka a sabon kamfani yana nuna inda yake nunawa a da.

Haɗarin yana nan: idan nemsaba ɗin na tsohon kamfanin rajistar ne, waɗanda suka ba ka kyauta don sunanka yana wurinsu, to kana fita suna iya share kwatancen, wasu nan take, wasu bayan ɗan lokaci. Sunan yana raye, masauki yana raye, amma babu mai nuna hanya. Idan kuwa nemsaba ɗin na kamfanin masauki ne daban, ko na Cloudflare, to ba abin da zai motsa. Don haka ku duba sunan da ke jikin layukan nan biyu. In na tsohon kamfanin ne, sai an fara kwashe kwatancen zuwa wani wuri kafin a taɓa maganar ɗaukewa, a canza nemsaba, a jira kwana biyu canjin ya game ko'ina, a ga shafi yana buɗewa imel yana shiga. Dalilin yin sa tun farko shi ne da zarar an fara ɗauke suna ba a iya canza nemsaba sai an gama.

Kwashe kwatancen nan shi ne wurin da nake so wanda zai yi maka aikin ya nutsu, kuma zan gaya maka dalili. Ina sabon shiga sana'ar na yi wa wani ɗan kasuwar riɗi da zoɓo a Dawanau irin wannan aiki. Na kwafi layin da ke nuna inda shafin yake, wanda ake kira A, na buɗe shafin a wayata ya buɗe tas, na ce masa an gama. Layin MX, mai nuna inda wasiƙu za su sauka, ban kwafe shi ba. Shafi yana aiki, don haka ba wanda ya lura. Kwana uku akwatinsa shiru, ya ɗauka kasuwa ce ta yi sanyi. A rana ta huɗu bayan la'asar ya zo ofishina, bai ko zauna ba, ya ajiye wayarsa a kan teburi ya turo mini ita da yatsa. Hoto ne mai sayen kayansa na ƙasar waje ya turo masa ta WhatsApp, wasiƙu uku da ya aika masa a kan takardun jirgin ruwa, duk sun koma masa da jan rubutu. Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba, amma duk wasiƙar da ta koma a kwanakin nan ta tafi ke nan, kuma har yau ba mu san su wa da wa suka rubuto suka haƙura ba. Tun daga ranar ba na ɗauke suna sai na ɗauki hoton kowane layi na kwatancen, A da CNAME da MX da TXT, na kwafe su ɗaya bayan ɗaya ina yi musu alama a takarda. Layukan TXT su ne ke shaida wa Gmail da sauransu cewa wasiƙarka daga gare ka take, in suka ɓata saƙonka zai riƙa faɗawa akwatin tarkace a wurin masu turo maka kaya.

Ka kuma tambaya ko akwatin imel ɗin shagon kyautar tsohon kamfanin rajistar ne. Idan haka ne zai iya rufewa da fitarka, sai a sauke tsofaffin wasiƙu a ajiye, a tanadi sabon akwati tukuna. Idan an kunna wani tsaro da ake kira DNSSEC kuma za a canza nemsaba, a kashe shi kafin a fara, a mayar bayan an gama, in ba haka ba shafin zai ƙi buɗewa a wayoyi da yawa.

Shi kansa ɗaukewar, bayan duk wannan shiri, ba wani abu ba ne. A shiga tsohon asusu a buɗe kwaɗon. A nemi lambar izini, wadda za ku ga an rubuta EPP ko Auth a jikinta. Wasu kamfanoni suna nuna ta nan take, wasu suna aika ta imel ɗin mai rajista, kuma doka ta ba su kwana 5 kacal su bayar daga ranar da aka nema. Lambar nan ita ce makullin shagon gaba ɗaya, duk wanda ya riƙe ta alhali kwaɗo yana buɗe zai iya ɗauke sunan, don haka kada ta shiga wani zauren WhatsApp, daga yaron sai kai. Kuma kwafe ta za a yi a liƙa, kada a karanta ta a waya ana rubutawa, domin haɗin manya da ƙananan baƙaƙe ce da alamomi, ƙaramin l da babban I da lamba 1 kuwa kama suke yi. A sabon kamfani a zaɓi shigo da suna, a liƙa lambar, a biya.

Kuɗin da za ka biya na shekara ɗaya ne, kuma ba asara ba ce, domin a .com ana ɗora shekarar a kan abin da ya rage maka. Wata ukunka suna nan, za ka wayi gari da wata 15. Iyakar abin da ake tarawa shekara 10 ne. Daga nan tsohon kamfani zai aika wasiƙa zuwa imel ɗin mai rajista cewa an nemi ɗauke suna. Ka gaya wa yaron ya karanta ta da kyau kafin ya danna komai, domin a wasiƙu da yawa maɓallin da ke ciki na sokewa ne. Idan ba a yi komai ba, bayan kwana 5 babban kundi zai kammala aikin da kansa. Wasu kamfanonin suna da wurin amincewa a cikin asusu, ana dannawa a gama cikin awa kaɗan. Ka ƙiyasta mako guda. Kada ka yi mamaki idan a wannan tsakanin suka aiko maka da rangwame don ka zauna.

Za su iya hana ka tafiya? Dalilan da doka ta yarda da su ƙididdigaggu ne: alamar zamba, taƙaddama a kan ko mai neman shi ne mai sunan, bashin shekarar da aka riga aka ci, umarnin kotu ko shari'ar da ake yi a kan sunan, sai kwana 60 ɗin nan. Ba su da ikon cewa sai ka sabunta shekara mai zuwa a wurinsu. Ba su da ikon riƙe sunanka don ɗan sarinsu bai biya su wani bashi ba alhali kai ka biya naka. Idan suka ƙi, dole su faɗi dalili. In ɗan sari ya yi kunnen uwar shegu da kai, ka rubuta wa dilan da kuka gani a binciken farko. In shi ma kwana 5 suka wuce bai ba da lambar ba, ICANN tana da fom na ƙorafi a kan sauya kamfani a shafinta, kyauta ne. Ka riƙa yin komai a rubuce, ka ajiye kwanan wata.

Abin da ba na so ka yi shi ne jinkiri har wa'adi ya ƙarato. Idan ya rage ƙasa da mako biyu ba a fara ba, gara ka sabunta a inda kake ko da tsada, ka ɗauke daga baya hankali kwance. Sunan .com da wa'adinsa ya ƙare yana shiga wani lokacin ɗaga ƙafa da ba ya wuce kwana 45, kowane kamfani da iya nasa, kuma a ciki ne ake sauke shafinka a sa tallace-tallace a gurbinsa, imel ya tsaya. Daga nan sai kwana 30 na fansa, inda kuɗin dawo da shi ke ninka na sabuntawa sau da yawa kuma ba a ɗauke shi. Sai kwana 5 na jiran sharewa, sannan ya koma kasuwa kowa ya iya ɗauka. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan sunaye, suna kamawa su sa musu farashin dala. Ga wani ƙarin tarko: idan wa'adi ya ƙare ka sabunta a tsohon kamfani, sannan ka ɗauke kafin kwana 45 su cika daga ranar ƙarewar, shekarar da ka biya tana iya zubewa. A irin wannan hali jira ake yi.

Maganar tsada kuwa, gaskiya zan gaya maka, sauya kamfani ba zai dawo da farashin da ka sani a da ba. Sunan .com da dala ake saro shi. A Satumbar 2024 kuɗin da Verisign ke karɓa a kan kowane suna a shekara ya kai dala 10.26, bayan ta yi ƙari shekara huɗu a jere. Naira kuma ka fi ni sanin abin da ya same ta, kai da ke biyan kuɗin kwantena: daga wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya ba ka .com ƙasa da kuɗin sari, to shekarar farko ce kawai, zai fanshe a sabuntawa. Saboda haka farashin sabuntawa za ka tambaya, shi ne na gaskiya. Cloudflare tana sayarwa a kan kuɗin sari ba tare da ɗora riba ba, amma da sharaɗin ka yi amfani da nemsaba ɗinta, kuma da katin da ke biyan dala. Wannan batun kati ka auna shi sosai. A 2022 bankuna da yawa sun taƙaita biyan dala da katin naira, wasu suka dakatar gaba ɗaya, kuma na ga sunayen da suka faɗi a lokacin don kawai kati ya ƙi biya mai shi bai sani ba. Ga ɗan kasuwa irinka, kamfanin da za ka iya biya da naira ta tura kuɗi daga banki, wanda ke amsa saƙo, ya fi mini mai rahusar dubu biyu ko uku. Kafin ka zaɓa ka aika musu tambaya ka ga awa nawa za su yi su amsa. Ka kuma tabbata suna barin ka ciro lambar izini da kanka daga cikin asusu, domin wata rana za ka iya son barin su ma. Kamfanoni suna canza hannu, ko Google ta sayar da sashenta na sunaye ga Squarespace a 2023, masu sunaye suka tsinci kansu a sabon gida.

Duk abin da na faɗa na kwanaki da dokoki na .com ne da 'yan'uwansa. Sunayen .ng da .com.ng suna ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005 mai ofis a Legas, tana da nata dokokin da nata jerin kamfanonin da ta amince da su, ko da yake su ma da lambar izini ake ɗauke su. Ana biyan .com.ng da naira kuma ya fi sauƙi. Ina ba ka shawarar ka kama na sunan shagonka ka ajiye, a sa shi ya riƙa kai mutane babban shafin, amma kada ka saki .com da masu saye suka riga suka sani, wanda ke jikin katinka da rasit ɗinka.

Ranar da sunan ya sauka, ka zauna da wanda ya taimaka maka ku shiga sabon asusun tare. Ku mayar da kwaɗon. Ku duba gurbin mai rajista, sunanka da sunan shago da lambar wayarka da imel ɗinka. Idan wasiƙar tabbatar da imel ta zo ka danna ta a ranar, domin idan ta kwana 15 ba a amsa ba ana iya dakatar da sunan. Ku kunna tsaro mai hawa biyu, wato neman wata lamba daga waya bayan kalmar sirri, a wayarka, ba a wayar mai taimakon ba. Ka san cewa za a riƙa aiko maka da wasiƙun ƙarya masu cewa sunanka zai mutu gobe ka biya nan, kada ka biya ta cikin wasiƙa, ka shiga asusunka ka duba da kanka. Idan da hali ka biya shekara biyu ko uku gaba. Ka rubuta sunan kamfanin da ranar ƙarewar wa'adi a bangon littafin shago, kalmar sirri kuma a takarda a inda kake ajiye takardun gida, babban ɗanka ya san wurin. Sannan kafin mai taimakon ya tashi, ka sa a aiko wa imel ɗin shago wasiƙa daga wata wayar daban, ka ga shigarta, ka mayar da amsa, a duba ko ta isa.